Duman Teku a Batsari

Ranar Litinin da hantsi Rilwanu ya tsuguna a gindin shukar, ya sa yatsa ya danna. Yatsan ya shige kamar ya danna dafaffen rogo. Da ya ɗago shi ya kai hanci, sai ya ji wari irin na albasar da ta kwana uku cikin ruwa.

"Mardiya," ya kira matarsa, murya ƙasa-ƙasa. "Zo ki gani."

Ta fito daga madafi tana goge hannu da gefen zane. Ba ta tsuguna ba, daga tsaye ma ana ganin komai. Ganyen da a da yake kore shar yanzu ya koma rawaya, wasu sun yi baƙi sun manne da ƙasa.

"Ta ƙara lalacewa?"

"Gindin ya ruɓe."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Mardiya. Ta dube shi, ta dubi shukar.

Shukar ba tasu ba ce. Gidan ma ba nasu ba ne, na Malam Abdulgaffar ne, malamin sakandare. Shekara biyu da suka wuce, da ɓarayin daji suka tashi ƙauyensu can gefen Ruma, Rilwanu da Mardiya suka shigo Batsari da tabarma ɗaya da tukunya biyu. A ƙofar masallaci Malam ya gan su. Bai san su ba, bai san kowa nasu ba, ya buɗe musu ɗakin da ke kusa da zaure ya ce su zauna har Allah ya kawo sauƙi. Tun ranar bai taɓa cewa Rilwanu ya ɗebo masa ko da ruwan alwala ba.

A kusurwar gidan ta yamma, inda rana ke yini tana duka, akwai tarin yashi da ya rage tun lokacin gini. A kan wannan yashin shukar take yaɗo. Wanda bai lura ba zai ce duman rafi ne, irin wanda ke cika bakin kududdufi da damina. Furensu iri ɗaya, kamar ɗan mazurari, ja-ja mai sirkin shuni, ya buɗe da safe ya rufe kafin azahar. Amma ganyen wannan ya fi kauri, kuma bakinsa a tsage yake gida biyu kamar kofaton akuya. Malam ya ce bai san sunanta da Hausa ba, don haka yake ce mata duman teku.

Sau ɗaya tak ya ba Rilwanu labarinta, wata rana bayan la'asar suna zaune a kan benci. Ya ce mahaifinsa malamin allo ne, ya yi zama cikin Hausawan wani ƙauyen masunta a bakin teku, can bayan Legas. A can aka haifi Malam, a can mahaifiyarsa Inna Turai ta rasu. Maƙabartar ƙauyen a kan yashi take, wannan shuka ta lulluɓe kaburbura duka. Kowace shekara teku na cin gaɓa kaɗan-kaɗan. Zuwansa na ƙarshe ya tarar saura taku kaɗan ruwa ya iso, sai ya yanki igiya ɗaya daga kan kabarin Inna ya sa a gora ya taho da ita. Shekara ta zagayo aka yi masa waya aka ce maƙabartar ta tafi.

"Ba wai tana amfana mata wani abu ba ne," in ji Malam a ranar. "Addu'a ce ke amfani. Amma ni ba ni da kabarin da zan je in tsaya, Rilwanu. In na fito da safe na ga ta yi fure, sai in tuna in yi wa Inna addu'a. Ita kaɗai ta rage mini daga can."

Da bazarar bana aka mai da Malam Safana. Gidan malamai da aka ba shi a can ba shi da katanga, awaki da jakuna har bakin ɗaki suke zuwa. Ya kwashi iyalinsa ya tafi, ya bar wa Rilwanu gidan da shukar, ya ce in an gama katanga zai zo ya ɗauke ta.

"Kada ka wahalar da kanka," ya ce yana hawa mota. "Ka bar ta inda take. In ka ga yashin ya bushe ƙarau, ka ba ta moɗa ɗaya. Shi ke nan."

Rilwanu ya ce to. Amma a ransa ya yi murmushi. Ya san halin manyan mutane, ya san halin Malam musamman. Mutumin da bai taɓa cewa a ɗebo masa ruwan alwala ba, yaya za a yi ya buɗe baki ya ce a yi wa shukarsa hidima safe da yamma? Kawaici ne kawai. A ƙauyensu in dattijo ya ce ka kawo masa dami ɗaya, uku yake bukata, kunya ce ta hana shi faɗi. Ɗan halak shi ne wanda ya gane ya kawo ukun.

Ga shi kuma Rilwanu mutumin lambu ne tun tasowarsa. Albasa da tumatir da tattasai yake nomawa a fadamar ƙauyensu, kuma shekara biyu ke nan hannunsa bai taɓa laka ba. Kullum in ya ga shukar nan kwance a kan yashin gini, rana na gasa ta, sai tausayinta ya kama shi. Yana ganin Malam mutumin littafi ne, bai san ƙasa ba. Ya ce a ransa, kafin Malam ya dawo sai ya mai da ita abin kallo.

Kwana biyu da tafiyar Malam ya ɗauki fartanya. Ya janye yashin gefe. Ya ari jaki ya ɗebo baƙar laka mangala huɗu daga bayan gari, ya cuɗa ta da kashin awaki da na kaji wanda ya ruɓe sosai. Ya yi mata fangali irin na albasa, wato ya ɗaga gefe huɗu yadda in an zuba ruwa zai tsaya ba zai gudu ba. Ya kafa sanduna ya ɗora zana don inuwa. Bokiti biyu da safe, bokiti biyu da yamma, ko da ranar layin famfo ya kai bakin titi.

Da farko abin ya yi kyau har Mardiya ta yaba. Ganye ya yi faɗi kamar tafin hannu, ya yi duhu. Fure ne dai ya ɗauke. Rilwanu ya ce ƙarfi take tarawa. Wata ɗaya, wata biyu, babu fure ko ɗaya. Sai ya ƙara taki.

Sannan damina ta sauka sosai. Ruwa ya riƙa kwana a fangalin, zana ta hana rana ta busar. Ganyen ƙasa suka fara rawaya. Kowace Juma'a Malam na kiran waya, bayan doguwar gaisuwa sai ya ce, "Ya baƙuwarmu?" Rilwanu ya ce, "Alhamdu lillahi, Malam." Ba ƙarya ba ce, godiya ga Allah ba ta zama ƙarya. Amma duk ranar da ya faɗa, tuwon ranar ba ya wuce masa wuya da daɗi.

Yanzu ga gindin ya ruɓe. Kuma kamar an aika masa, a wannan Litinin ɗin bayan azahar waya ta yi ƙara a aljihun Rilwanu. Malam ne.

"Ina wuni, Malam? Ya iyali? Ya baƙunta? Ya ruwa wajenku?"

"Lafiya lau, Rilwanu. Albishirinka, jiya magina suka ɗora bulo na ƙarshe. Har ƙofa an sa. Na sa an zubo mini yashi amalanke guda. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan zo in ɗauki baƙuwar."

"Asabar ɗin nan?"

"Wannan mai zuwa. Yara har sun fara gardamar wa zai fara ganin fure. Tana nan dai ko?"

"Tana nan, Malam."

"Madalla. Allah ya saka da alheri."

Rilwanu ya kashe wayar ya ƙirga da yatsu. Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a. Ya sake ƙirgawa ko zai samu kwana ɗaya da ya ɓuya, bai samu ba.

Washegari da safe Mani ya faka babur a ƙofar gida. Mani taubashin Rilwanu ne, ɗan ƙanwar babansa, acaba yake yi tsakanin Batsari da Karare. Tun suna yara ba ya ganin Rilwanu ya ƙyale shi. Ya shigo yana cin dafaffiyar gyaɗa, ya tarar da shi tsugune gaban fangali.

"Kai, Sarkin Noma, mi ya faru? Wa ya mutu?"

Rilwanu ya nuna masa. Mani ya leƙa ƙarƙashin zanar, ya ja da baya yana toshe hanci.

"Subhanalla! Wannan rumfar mi ce? Biki za ka yi mata? Ka kai mata tuwo da miya kuwa? Mardiya, halan ke ma an sa ki kina dama mata fura?"

"Mani, bar wasa. Malam na zuwa Asabar."

"To ai abin teku ne. Ka sa mata gishiri?"

Rilwanu ya ɗago kai da sauri. "Kana ganin zai yi?"

Mani ya kwashe da dariya har gyaɗa ta sarƙe shi. "Wallahi da na ce ka sa mata kifi ma, kasuwa za ka tahi yanzu."

Mardiya ta miƙo masa ruwa a kofi, ta ce, "Yaya Mani, ka ji tsoron Allah. Mutumin nan kwana uku ke nan bai ci abin kirki ba."

Da Mani ya ga fuskar Rilwanu da kyau, dariyar ta ragu. Ya tsuguna shi ma, ya tsinki ganye ɗaya ya juya shi a hannu, ya daɗe yana kallo.

"Ka ga," ya ce, ya rage murya. "Ni tun ranar da na fara ganin abin nan na ce duman rafi ne. Kududdufin bayan tasha cike yake da shi, har fure ya yi. Mu je mu tumɓuko mai kyau, ka mai da yashinka, ka dasa. Kafin Asabar ya miƙe. Wa zai gane?"

"Ganyen ba iri ɗaya ba ne."

"Sai ka ce ƙasar Batsari ce ta canza shi. Mutum ma in ya daɗe a gari maganarsa na canzawa, balle ganye. Malam ya ɗauki abinsa ya tahi yana murna, kai ka huta, kowa ya huta. Ko so kake ka dube shi ido da ido ka ce ka kashe masa abin uwa tasa? Mutumin da ya ba ka ɗaki?"

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta ɗaga Rilwanu. Bai ce i ba, bai ce a'a ba, sai dai ya tsinci kansa a bayan babur. A bakin kududdufin duman rafi ya baje ko'ina, fure ya buɗe kamar ana gayyatar mutum. Mani ya naɗe wando ya shiga, ya tumɓuko igiyoyi masu saiwa, ya cusa a buhu. Rilwanu na tsaye yana waige-waige kamar wanda ya zo satar kaza, alhali ciyawar ko akuya ba ta ci.

Da suka dawo Mani ya juye buhun a tsakar gida ya tafi neman fasinja. Rilwanu ya ɗauki igiya ɗaya ya ajiye kusa da ta Malam. Daga nesa kaɗan, wallahi, ba ka rabe su. Zuciyarsa ta ɗan yi sanyi, kuma wannan sanyin ya fi ba shi tsoro fiye da warin gindin.

Mardiya na tsaye bakin madafi tana kallonsa.

"Ki faɗi abin da ke bakinki," in ji shi.

"Ni ban ce komai ba."

"Ai shirun naki ya fi magana."

Ta matso. "To tunda ka tambaya. A ce bai gane ba. Ya kai ta Safana ya dasa. Kullum da safe ya fito da yaransa ya nuna musu ya ce ga abin da ya fito daga kabarin kakarku. Shekara goma yana faɗin haka, a kan ciyawar bayan tasha. Mu kuma muna nan muna gaishe shi kowace Juma'a. Kai za ka iya? Ni dai ba zan iya haɗa ido da matarsa ba."

Rilwanu ya tattara duman rafin ya mai da shi buhu, ya jingine a zaure. Bai zubar ba. Shi kansa ya lura bai zubar ba.

Ranar Laraba ya cire zanar, ya fasa gefen fangalin ruwan ya gudu, ya yayyafa toka a gindin kamar yadda ake yi wa albasa in ta fara ciwo. Ya zauna yana roƙon rana. Kafin azahar hadari ya haɗo daga gabas, aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ya kifa daro a kan gindin ya tsaya yana riƙe da shi, ruwa na dukan bayansa, har Mardiya ta fito ta ja shi ɗaki. Da aka ɗauke ya koma ya duba. Igiya biyu sun rabu da gindin da kansu, ba wanda ya taɓa su. Saura uku, su ma ganyensu ya sunkuya.

Ya ga in ya jira Asabar, babu abin da Malam zai tarar sai laka. Ya je zaure ya tsaya a kan buhun ya daɗe. Sannan ya ɗauke shi ya fita da shi ya juye a juji, ya ciro waya ya kira Mani.

"Gobe za ka kai ni Safana."

"Safana? Kai da ba ka bin hanyar da ta wuce gonakin gari tun da kuka taso daga ƙauye? Mi za ka yi can?"

"Zan kai wa Malam abinsa."

"Gawar za ka kai masa?"

"Ko mi ce, tasa ce."

Mani ya yi tsaki mai tsawo. "To ka shirya da hantsi, sai motoci sun fara wucewa mun ji hanya lafiya. Kuma kafin la'asar muna gida, ko Malam ya gama zaginka ko bai gama ba."

Da safe Rilwanu ya sa hannu biyu ya ɗago shukar gaba ɗayanta. Ba ta yi gardama ba, saiwar ta riga ta narke. Ya naɗe igiyoyin a hankali ya sa a daro. Ya ɗauko buhu zai jiƙa ya rufa mata, Mardiya ta riƙe hannunsa.

"Haba Rilwanu. Ruwan da ta sha bai isa ba?"

Ya rufa busasshe.

Hanyar ta yi masa tsawo. Gero ya yi tsayi a hagu da dama har ba a hango abin da ke bayansa, kuma duk inda gona ta ƙare daji ya fara, sai ya ji bayansa ya yi sanyi. Sau biyu suka hango babura a tsaye can gaba, Mani ya rage gudu har suka gane masu kai madara ne. A shingen 'yan sa-kai wani dattijo mai bindigar toka ya ɗaga buhun ya leƙa, ya dubi Rilwanu.

"Wannan fa? Magani ne?"

"Amana ce, Baba."

Dattijon ya sake leƙawa, ya girgiza kai, ya ce su wuce. Mani bai yi masa tsiya a kan wannan ba, abin da ya ƙara tsorata Rilwanu. Duk hanyar yana shirya maganar da zai yi, in ya kai ƙarshenta sai farkon ya ɓace masa.

Suka sami gidan malamai a gefen makarantar, ga sabuwar katanga ko shafe ba a yi mata ba. Malam Abdulgaffar ya fito daga aji da alli a hannu. Da ya ga Rilwanu ya faɗaɗa fuska.

"A'a! Mutanen Batsari! Lafiya dai? Ai na ce zan zo da kaina."

Suka shiga gida. Rilwanu ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi aiki, har gaisuwa ta ƙare masa. A kusurwar gidan ga tarin sabon yashi an baje shi, an kewaye da duwatsu ƙanana, da gani aikin yara ne. Rilwanu ya kau da ido daga wurin. Ya tura daron gaban Malam ya yaye buhun.

Malam ya duba. Murmushin bai tafi lokaci ɗaya ba, a hankali ya riƙa janyewa.

"Malam, ni na yi," in ji Rilwanu, kansa a ƙasa. "Ba ciwo ba ne, ba tsutsa ba ce. Ka ce in bar ta inda take, na ɗauka kunyata kake ji. Na kwashe yashin na sa laka da taki. Na yi mata rumfa. Bokiti huɗu kullum. Wata guda ke nan tana lalacewa, kana tambayata ina cewa alhamdu lillahi." Ya ƙara sunkuyar da kai. "Har duman rafi na ɗebo zan dasa maka a madadinta. Na zubar."

Mani, da ke tsaye bakin ƙofa, ya shiga duban farcensa.

Malam ya ajiye allin a kan katanga, ya shiga ɗaki ya saki labule. Rilwanu ya ci gaba da durƙuso. Yana jin muryar ɗalibai daga makaranta suna maimaita karatu, yana jin ƙuda na zagaya daron. Ƙafarsa ta yi tsami bai gyara ba. Da Malam ya zage shi, da ya fi masa sauƙi.

Can labulen ya ɗaga. Idon Malam ya yi ja. A hannunsa akwai sabuwar reza.

"Lakar ba ta ba ni haushi kamar Juma'o'in nan huɗu ba," ya ce. "Da ka faɗa mini tun ta farko, da yanzu tana nan da ranta. Ni in na ce moɗa ɗaya, moɗa ɗaya nake nufi, Rilwanu."

"Na yi kuskure, Malam."

"Ka yi. Matso da daron cikin haske."

Ya tsuguna ya warware igiyoyin ukun a kan tabarma. Ya fara daga gindi, yana matsa kowace gaɓa da yatsa biyu, yana yanka yana duban cikin. Baƙi. Ya jefar. Ya matsa gaba ya yanka. Baƙi. Igiyar farko ta ƙare kaf ba a sami komai ba. A igiya ta biyu, kusa da ƙarshe, cikin ya fito fari, har wani ɗan farin ruwa ya tsattsafo.

Malam ya tsaya. "Bismillahi," ya ce a hankali.

Daga duk abin da ya cika daro, yanki uku aka samu, kowanne bai wuce tsawon tafin hannu da yatsu ba, gaɓa biyu-biyu. Malam ya tsinke musu ganye ya bar ɗai-ɗai. Ya je wurin yashin ya kwantar da biyu, ya rufe gaɓoɓin, ya yayyafa ruwa da hannu kamar mai shafar kai a alwala. Na ukun ya naɗe a takarda ya miƙa wa Rilwanu.

Rilwanu ya ja hannunsa baya. "A'a, Malam. Don Allah. Ni kuma?"

"Ban san yashin nan ba, kwanan nan aka kawo shi. Na Batsari ta shekara shida a kansa. In duka ukun suna wuri ɗaya, abu ɗaya zai kashe su. Karɓi."

"In na sake kashewa fa?"

"To ka kira ni ranar, ba bayan wata ba. Ka mai da yashin inda yake. Ba taki, ba inuwa. Ka yayyafa da safe na kwana biyar, daga nan ka manta da ita."

Mani ya yi gyaran murya. "Malam, wannan na ƙarshen shi ne ba zai iya ba. Sai dai a ɗaure shi."

Malam bai yi dariya ba, amma ya ce a kawo musu ruwa da fura kafin su kama hanya.

Kafin la'asar suna Batsari. Rilwanu ya kwashe lakar nan duka ya kai bayan gida, ya mai da yashin, ya tula shi yadda ruwan sama zai gangare. Ya binne ɗan yankin. Ya yayyafa kwana biyar. Rana ta shida ganyen nan guda ɗaya ya bushe ya faɗi, aka bar ɗan tsinke a tsaye cikin rana. Ya kira Malam a take ya faɗa masa. Malam ya ce nasa ma ɗaya ya yi baƙi, ya cire shi.

Kwanakin da suka biyo baya sun fi na farko wuya. Ba abin yi, kuma rashin abin yin ne aikin. In ya ɗauki buta zai yi alwala sai ƙafarsa ta kai shi kusurwar yamma. Mardiya ta kwashe bokitai ta kai ɗaki. Sau goma a yini yakan so ya tona ya ga ko saiwa ta fito, sai ya zauna a kan benci ya sa hannuwansa ƙarƙashin cinya.

Ranar Juma'a ta biyu, bayan an sauko daga masallaci, waya ta yi ƙara. Malam ya gajarta gaisuwa, abin da bai taɓa yi ba.

"Na biyun ma ya tafi, Rilwanu. Yau da safe na duba, ya bushe har ciki. Naka fa? Faɗa mini yadda yake."

Rilwanu na tsugune gaban tsinken tun kafin wayar ta shigo. Ya ƙara sunkuyawa har hancinsa ya kusa taɓa yashi.

"Malam, ban sani ba ko ganye ne. A gaɓar sama akwai wani abu kore, bai kai ƙwayar gero ba. Jiya ban gan shi ba. Ina tsoron in ce maka wani abu ne."

"Kore ne?"

"Kore ne."

Ya ji Malam ya ja dogon numfashi, sannan ya ji shi yana kiran matarsa daga nesa da wayar. Can ya dawo kan wayar.

"Kada ka taɓa shi."

"Ba zan taɓa ba."

"Gobe ka sake kirana, ko mene ne ka gani."

"Da hantsi in sha Allahu," in ji Rilwanu. Ya ajiye wayar a kan cinya, ya ja da baya kaɗan don kada inuwarsa ta faɗa a kan tsinken.